Yadda Jirgin Ƙasa Ya Tafi da Maigidana Ya Bar Ni da Buta

Tun da na dawo Gwandu ban huta ba. A ƙofar masallaci a tambaye ni, a teburin mai shayi a tambaye ni, har matan da ke kawo niƙa sai su ajiye kwano su ce, "Baba Arzika, wai da gaske jirgi ya gudu ya bar ka?" Kowa kuma da irin yadda ya ji. Wani ya ce barci ya kwashe ni a tasha. Wani mutumin Masama ya rantse wai tsire na sauka saye. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta da hannuna, da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci, inda malaminmu ya shaide ni da cewa na fi kowa zuwa, na kuma fi kowa rashin ganewa. Wanda ya ga harafi a karkace ya miƙe shi da kansa.

Ba tafiyata ba ce, rakiya na yi. Alhaji Nomau na Kalgo shi ne mai tafiya. Yaran yanzu tsoho mai sanda suka sani, amma mu mun san shi a kan sitiyarin babbar mota mai bodin katako, yana kai shinkafa da albasa Kudu. Ni ne yaron motarsa shekara da shekaru. Ni ke sa weji a bayan taya, ni ke zuba ruwa a lagireto, ni ke duba ko fasinja sun cika in buga bodi ya tashi. Daga baya na koma gida na kafa injin niƙa, shi kuma ya ci gaba har idonsa ya fara yi masa gardama. Yanar ido ce ta rufe idanun duka biyu, har ya kai ba ya bambanta mutum da turken akuya.

Ɗiyarsa Balkisu tana aure a Abuja. Ita ta samo masa layi a wani asibiti inda likitan ido ke zuwa lokaci-lokaci. Ta ja kunne sosai: ranar da za mu iso, a ranar za a yi masa gwajin jini da na ido kafin ma'aikata su tashi da yamma. Wanda ba a gwada ba, ba a sa shi cikin waɗanda za a yi wa aiki, sai wani zuwan likita, kuma ba wanda ya san yaushe ne. 'Ya'yansa maza suna tsakiyar yankan shinkafa, duk da haka babban ya ce zai bar gona ya kai shi. Alhaji ya ƙi. Ya ce a kira masa Arzika, shi ya san tafiyarsa.

Na hau kabu-kabu zuwa Kalgo na kwana, da safe muka kama hanya. Ƙaramar mota muka samu ta Jega, muka bi ta Tambuwal da Sakkwato. Direban matashi ne, ya sa wani abu a kunne yana magana shi kaɗai kamar mai aljanu. Ba mu yi nisa ba Alhaji ya karkata kai yana saurare.

"Yaro," ya ce da ni, "wagga mota tana tafiya kuwa? Ban ji komi ba."

Direba ya yi dariya ya ce, "Baba, ai lafiyarta ke nan. Ƙwaƙwalwa gare ta. In ta ji ciwo, na'ura ake jona mata ta faɗi inda ke damun ta."

"To in ta ji ciwon a dajin da ba na'ura fa? Tawa da kunne nike gane ta. Sifana guda da guntun waya, mun tashi."

"Haka ne, Baba. Amma tsakani da Allah, kun sha kwana a daji ko ba ku sha ba?"

Ni dai na san wanda ke turin tsohuwar motar tamu mai jin magana, kuma har yau bayana bai yafe mata ba. Sai Alhaji ya ce, "Mun kwana. Amma mun san abin da ya kwantar da mu." Direba ya ce wannan kuma gaskiya ne, shi tasa in ta mutu sai dai ya tsaya yana kallon ta kamar baƙuwa. A kan haka suka shirya, har ya miƙa wa Alhaji goro.

Ba mu ƙetare iyakar ƙasa ba, amma wanda ya bi hanyar Gusau ya san shingaye sun ishe shi. A bakin iyakar jiha wani jami'i ya leƙo ya tambayi abin da ke cikin buhunmu. Na ce busasshen kifi ne da 'yar shinkafa, tsarabar ɗiya. Alhaji ya ɗaga hannu ya sara masa irin ta tsofaffin direbobi, sai dai ya sara wa tagar da ba kowa. Jami'in ya zagayo ta wancan gefen, ya tsaya inda hannun yake, ya karɓi gaisuwar, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ban san sunansa ba, amma na sa shi a addu'a.

A Funtuwa muka ci abinci. Tuwon masara ne da miyar kuka. Ba laifi, sai dai mutumin da ya tashi da shinkafar fadama, in ya ci tuwon masara cikinsa yakan tsaya jiran abinci ya zo. Ni ke kama hannun Alhaji in kai bakin kwano sau ɗaya, daga nan ya gane hanya. Abin ya taɓa ni. Hannun nan na ga ya riƙe mota cike da kaya a gangaren da burki ya ƙi.

Da magariba muka shiga Kaduna, muka sauka a Rigasa gidan Umaru tela, ɗan ƙanen Alhaji. Muna idar da salla aka ɗauke wuta. A Gwandu in haka ta faru sai a fito da tabarma waje a ci gaba da hira. A nan kuwa kamar an buga gangar yaƙi. Gidan dama ya tayar da janareta, na hagu ya amsa, na baya ya shiga, har sai da na daina jin muryata. Alhaji kuwa daɗi ya kama shi. Ya zauna yana rarrabe su: wancan fulogi yake so, wancan an cika masa baƙin mai, wancan na bayan gida kuma a fara yi masa addu'a. Umaru ya ja nasa har gumi ya jiƙa shi kafin ya kama.

Matarsa Talatu ta kawo mana doya da ƙwai tana cewa, "Baba, ku yi masa magana. Maƙwabciyata sola ta sa, ba hayaƙi ba ƙara, yaranta na karatu lafiya. Mu kullum jarka a hannu."

Umaru ya ce, "Solar za ta ja keken ɗinki da dutsen guga? In damina ta yi duhu fa?"

Suka juyo gare ni wai in raba, tunda ni mai inji ne. Na ce ni dai injina na dizal ya ci da ni ya aurar da 'ya'yana, amma ya karɓi rabin jina a madadi, shi ya sa matata ke cewa na iya zaɓen abin da zan ji. Kowannensu ya ɗauka shi na goya wa baya, na ci doyata lafiya.

Washegari da hantsi Umaru ya kai mu tashar jirgi. Balkisu ce ta ce mu ƙarasa a jirgi, don jijjigar mota ta ishi tsoho. Ni ban taɓa shiga ba. Tikitin ma ba takarda ba ne, hoto ne ta turo cikin babbar wayar da ɗana ya ara mini, irin wadda ake shafawa. Ya koya mini shafar har ya gaji. A bakin ƙofa na shafa, sai ga hoton jikata tana cin mangwaro. Na sake shafawa, sai ga wani malami yana wa'azi da ƙarfi. Ma'aikaciyar ta karɓa ta taɓa sau ɗaya, tikiti ya fito. Aka tura buhunmu cikin wani akwati mai ganin cikin kaya, kifinmu ya wuce ba a ce masa komai ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki, ba ɗan kamasho, ba mai jan hannunka, ba ciniki. Kujera da lambarta, ba a cusa mutum huɗu a wurin uku. Ga sanyi kamar cikin randa. Na zaunar da Alhaji ta taga, ko da yake taga ba ta da amfani gare shi, ni ina gefensa. A ɗaya ɓangaren akwai wata mata Ibo, haihuwar Kaduna, Madam Uju, Hausarta ta fi tawa tsabta. Ita ta nuna mini ramin caji a ƙarƙashin kujera. Na jona babbar wayar, na sa ƙaramar wayar Alhaji a jaka don kada ta faɗi.

Da jirgi ya tashi Alhaji ya kasa kunne ya daɗe. "Ina injin?" Na ce yana can gaba da nisa, tarago da yawa tsakaninmu. "To direban yana ganin mu?" Madam Uju ta ce ko kusa. Ya girgiza kai ya ce shi bai san yadda mutum zai ja jama'a haka bai ga fuskar ko ɗaya ba. Amma ya yarda tafiyar da daɗi, ba rami, ba shinge, ruwan da ke cikin kofi ma bai zube ba.

Yanzu ga inda ake ta ƙara mini gishiri, to ku ji yadda aka yi. Azahar ta yi muna tafiya. Na leƙa ban-ɗakin jirgi, wuri ƙarami yana rawa, na ga in na ɗaga ƙafa ɗaya a nan sai dai a kwashe ni. Ina dawowa jirgi ya tsaya a wata ƙaramar tasha, na hango famfo ta taga, ga inuwa. Na ɗauki buta, na cire hulata na ajiye a kan kujera, na ce wa Madam Uju, "Ga wurina nan, alwala zan yi." Tana magana a waya, ta ɗaga mini kai.

Ku da kuke dariya, ku gaya mini inda na yi ba daidai ba a ƙa'idar da muka sani. A duk tashar da na yi wayo, daga Kalgo har Kudu, mutum in ya bar hula a kujera ya gaya wa na kusa da shi, ya gama. Direba ba ya tashi sai ya waiwayo ya ce kowa ya ga maƙwabcinsa? In an ce saura mai hula, sai a jira, a yi tsaki, a danna ham, amma a jira. Ni kaina aikin da na yi ke nan. Mota ba ta taɓa motsawa ba sai tafin hannuna ya bugi bodi. Har na ɗaga buta sama wajen kan jirgin, don direba ya gani ya san da ni.

Na yi alwala a natse. Na duba, jirgi na tsaye. Na ce to raka'a biyu ce ta matafiyi, bari in sauke nauyi. Ina cikin ta biyu na ji ya yi kuka. Na ce a raina ham ɗin farko ke nan, saura biyu. Ina ruku'u na ga ƙafafun ƙarfe suna juyawa. Sallar da na ƙarasa a wurin nan, Allah ya karɓa in tana karɓuwa. Na sallame na bi shi da gudu ina dukan jikin tarago da tafin hannu, ina cewa a tsaya, akwai mutum. Ya wuce abinsa.

Ban taɓa jin shiru irin na tashar nan ba. Ga ni ba hula, ba waya, buta a hannu. Can cikin jirgi kuma ga makaho da aka damƙa mini, ba ya iya kai kansa ƙofa, wayar da ke kusa da shi ko ta yi ƙara bai san inda ake shafawa ba.

Wani ma'aikacin tasha mai furfura ya zo ya tsaya kaina. Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce, "Baba, jirgi agogo yake bi. Ba ni lambar wani naka in kira." Na buɗe baki, ba ko ɗaya. Ni da nake riƙe da sunan kowane gari da kowace gada a ka, lambar ɗana ma ban sani ba, duk na bar wa waya ta riƙe mini. Ya ce zai yi ƙoƙarin aika saƙo ga ma'aikatan cikin jirgi. Ya tambayi taragon da muke, na ce mai sanyi. Ya ce duk masu sanyi ne. Abu ɗaya na tuna, Balkisu ta ce kada mu sauka sai jirgi ya ƙare tafiyarsa. Ya ce to tashar ƙarshe ke nan, ya haɗa ni da mai babur ya fitar da ni babban titi. Allah ya sa akwai 'yan canji a aljihun 'yar cikina.

Motar da na samu ta wani Bagware ce, Yakubu. Ya sa ni a baya, na jingina da wani abu mai tauri. Na tambaya, ya ce tukunyar iskar gas ce, da ita motar ke tafiya, fetur ya fi ƙarfinsa. Na ce irin gas ɗin girki? Ya ce ɗan'uwansa ne. Na matsa gaba har gwiwata na tokarin kujerarsa. Ya ce, "Baba, kwantar da hankali, ta fi tankin fetur kauri." Wani fasinja ya ce gas na cinye inji, wani ya ce ƙarya ce, makanikai ne ba su iya ba. Da a wata rana ce da na shiga gardamar da ƙafa biyu.

Ba mu yi nisa ba wata mata ta ga doya a bakin hanya ta ce a tsaya. Yakubu ya tsaya. Ta taya, aka ƙi, ta yi kamar za ta tafi, aka kira ta, ta koma. Ni ina kallon rana tana sauka. Za mu tashi, wani ya ce zai kama ruwa. Aka tsaya. Ya dawo, aka ga matar da ta sayi doya ta sake fita wai an ba ta ɗaya mai ruɓa. Ban san lokacin da na daka tsawa ba: "Direba, tashi mu tafi! Mutum guda zai riƙe jama'a?"

Yakubu ya waiwayo ya ce, "Haba Baba, a bar ta a daji?"

Ɗazu-ɗazu nake zagin jirgi a zuciya don bai jira mai alwala ba, ga ni ina neman a zubar da mai doya. Na tuna mutanen da muka sha riƙewa a motarmu saboda wani ya tafi gaida surukarsa. A cikinsu akwai mai zuwa asibiti, akwai mai zuwa jana'iza, ba mu taɓa tambaya ba, muna ganin kirki muke yi. Kuma kirkin ne. Sai dai wani ke biyan sa, ranar nan kuma ya faɗo kan Alhaji. Da jirgin ya jira ni, da ya riƙe wani makahon a wani tarago. Har yau ban gama raba wannan a raina ba.

La'asar ta wuce sosai kafin in isa tashar ƙarshe. Jama'a sun watse. Can a kan benci na hango Alhaji zaune, sanda tsakanin ƙafafu, hulata a kan gwiwarsa, Balkisu na tsaye idonta ja. Ashe Madam Uju ce ta amsa wayar da Balkisu ta kira, ita ta riƙo hannunsa ta sauko da shi, ta ɗauko har buhun kifi. Ta tafi kafin in zo, ban samu na gode mata ba.

Balkisu ta ce, "Baba Arzika, tun ɗazu nake roƙon sa. Na ce mu je asibiti, in bar mutum nan ya jira ka. Ya ƙi tashi."

Na ce, "Maigida, mi ya sa? Idonka fa!"

Ya ce, "Ban taɓa tashi na bar yaron motata a hanya ba. Ba yau zan fara ba don wani jirgi ya koya mini rashin kunya." Ya miƙo hular wajen da ya ji muryata. "Sa abarka. An ce mini kanka na ƙyalli."

Muka isa asibiti an rufe ɗakin gwaji. Balkisu ta shiga ta fita, ta roƙi wannan ta roƙi wancan, mu muna zaune kamar masu laifi, ni kuwa mai laifin ne. Daga ƙarshe wata babbar nas ta ce a kawo shi da sassafe a gwada, in sakamako ya fito da wuri a sa shi a ƙarshen layi, in likita bai gaji ba. Ba ta yi alkawari ba. A gidan Balkisu aka yi mana tuwon shinkafarmu da kifinmu, na kasa ci. Wutarsu ma in an ɗauke ba ka sani, wasu batura ne a lungu ke karɓa ba ƙara, Alhaji ya ce gidan kamar ba kowa.

Aka gwada shi, aka sa shi a ƙarshe. Ranar aiki muka wuni a baranda, ana shiga da mutane ana fitowa da su da auduga a ido. Rana ta yi sanyi kafin a kira sunansa. Bai daɗe da shiga ba fitilun baranda suka mutu. Na miƙe tsaye, don na san yadda Umaru ya yi gumi kafin nasa ya kama, ga kuma wuƙa a idon mutum. Ban gama salati ba na ji wani ƙaton janareta ya yi gurnani a bayan gini, haske ya dawo. Na tambayi mai shara wa ya tayar. Ya ce ba kowa, da kansa yake tashi. Na koma na zauna.

Ido ɗaya aka yi, ɗayan sai wani zuwan. Washegari nas ta zaunar da shi ta ɓare audugar a hankali. Ya ƙifta, ya ƙifta, hawaye na zuba. Ya dubi Balkisu ya kira sunanta. Sannan ya juyo gare ni ya tsaya kallo, har na fara tsarguwa.

"Wane ne wanga tsoho?"

Na ce, "Ni ne, Maigida."

"Arzika? Subhanallahi. Yaushe ka zama haka? Ina haƙoranka?" Nas ta juya baya tana dariya. Shi bai yi ba. Ya ce, "Ni ina jin murya ina cewa yaro. Ashe tsoho na sa ya yi ta gudu a bayan jirgi."

Da za mu fita na sunkuya zan ɗauki jaka, ya buge mini hannu da sanda. Nas ta ce an hana shi ɗaukar kaya, Balkisu ta karɓe. Sai ya ba ta sandar ma, ya kama hannuna ya shiga gaba. A bakin matakala ya tsaya ya ce, "Yi sannu, akwai tudu nan."